Hannun Da Ya Riƙe Akuya

SHAFI NA 17

Sallama gare ku, masu haƙurin jira da marasa shi. Wata ɗiya ta rubuto mini daga Agye wai in daina ɗora wa na'ura laifi a labarin nan, na'ura ba ta ƙarya. Gaskiyarki, ɗiyata. Madubi ma ba ya ƙarya, amma ki ɗaga masa hannun dama ki ga wanda zai ɗaga miki. Mu koma Gazawa.

*

Da safe Safina ta kankare lallenta. Ya kama yadda ake so, ja har yana neman baƙi a kan yatsu. Gobe sunan ɗan yayanta Bashir, matan gidan kaf sun sha ƙunshi.

Mahaifiyarta, Inna Saliha, tana bakin rumfa tana tsintar wake a faifai. Ta ɗago ta dube ta.

"Hannu ya yi kyau, huska ta ƙi. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna."

"To wa za shi mutu?"

"Akuyar Saudatu. In ji wayata."

Wayar ce kuwa ta jawo komai. Safina ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, ta dawo gida ƙungiyar mata masu kiwon jar akuya ta ɗauke ta aiki. Ita ta haɗa musu abin da ke cikin wayar. Ka ja fatar idon akuya ƙasa da yatsa, ka ɗauki hoto, waya ta duba. In jini ya wadata sai ta nuna kore. In tsutsar ciki ta shanye jinin sai ta nuna ja. An raba wayoyin ga wakilan ƙungiya da wasu dillalai, har ta kai mai saye a kara, wato kasuwar dabbobi, ba ya taya akuya sai ya ce a haska ta tukuna.

Ita kuma Saudatu Bafulatana ce a rugar da ke bayan Gangara. Akuyar da ake magana ba tata ba ce, haɓɓanaye ce, aron da Fulani ke yi wa juna: a ba ka uwa ka riƙe, ta haihu 'ya'yan su zama naka, ka mayar da uwar ga mai ita. Ƙawarta Hassana ta aiko mata da ita tun daga Gidan Rumji, ga ciki ya tsufa. An haska ta, ja. An ba ta magani an sake haskawa, ja. An sake, ja.

Shi ne mijinta Ado ya ce za a sayar kafin ta faɗi, gara a mayar wa mai ita da wani abu da a mayar mata da igiya. Saudatu ta ce ba a sayar da amana. Jiya ta kira Safina tana magana a hankali, irin maganar wadda ta gama kuka ta wanke ido.

"Malama, mbeewa, akuyan nan, yana ci, yana sha, yana tsalle. Ina ciwon yake?"

Da tambayar nan Safina ta kwana.

Yanzu ta tashi ta nufi turken akuyar Inna, wadda suke kira Kyauta. Kyauta ce zakaran gwajinta. Duk sanda ta taɓa wani abu a manhajar, kanta take fara gwadawa, kullum kore.

"Zo nan, hajiyar gida."

Ta kama haɓar, ta ja fatar ido da babban yatsa, ta ɗauka.

Ja.

Ta goge gilashin wayar da gefen zane. Ta sake.

Ja.

"Inna, mi Kyauta ta ci jiya?"

"Abin da ta saba. Dusa, harawa, da rabin sabuluna."

"Waya ta ce ba ta da jini."

Inna ta ajiye faifai ta dubi akuyar, wadda a lokacin take ƙoƙarin cin bakin zanen Safina.

"Wagga? In wagga ba ta da jini, ni gawa ce."

Safina ta leƙa cikin idon da nata idon. Jajir yake kamar tsakiyar kankana. Akuya lafiyarta lau. Shekaranjiya ma ta haska ta, kore ta gani. Akuyar dai ita ce, wayar ita ce, turken shi ne, hasken safiya shi ne.

Ta ƙura wa hoton da ke waya ido. Ido a tsakiya. Gashi ja a kewaye. A ƙasa, babban yatsanta.

Ta daɗe tana kallon yatsan.

Daidai nan Bashir ya fito daga ɗakinsa yana gyara hula, zai je ɗauko ragon suna.

"Yaya, don Allah zo ka riƙe mini idon Kyauta."

"Ke kuma da akuyoyinki. Ina sauri."

"Yatsa ɗaya kawai."

Ya zo yana gunaguni ya ja fatar idon. Ta ɗauka.

Kore.

"Ɗauke hannunka."

Ta sa nata. Ja.

"Mayar."

Kore.

"Inna, aro mini hannunki."

Inna ta taso tana cewa yau ta ga ikon Allah. Ta sa yatsanta mai lalle. Ja.

Safina ta miƙe. Ta kamo fuskar Bashir, ta ja fatar idonsa da yatsanta, ta ɗauka kafin ya ƙwace.

"Ke! Lahiyarki?"

Ta juya masa wayar. Ja.

"Ta ce tsutsar ciki ta shanye ka, Yaya."

Inna ta koma kan tabarma tana dariya har da riƙe ciki.

"Wannan kam ta hwaɗi gaskiya. Tun yana yaro nike hwaɗi."

Bashir ya yi tsaki ya fita. Inna ta gama dariyarta ta ga ɗiyarta ba ta taya ta ba. Safina ta zauna a kan turmi, wayar a cinya, hannuwa biyu a buɗe tana kallon su.

"To hwaɗa mini da Hausa," in ji Inna. "Mi ke nan?"

"Ba ido take kallo ba, Inna. Lalle take kallo."

"Ke kika koya mata haka?"

"Ban koya mata komi ba. Matsalar ke nan."

"Yo wa ya koya mata?"

Safina ta numfasa.

"Akwai wani kayan aiki da muke ɗaukowa, laburare ake ce da shi, manhaja ce da wasu suka riga suka rubuta. Da can sai mutum ya zauna wata da watanni yana gwada hanya bayan hanya da hannunshi. Yanzu ita take yi. Ni dai na zuba mata hotuna tuli biyu, na ce waɗannan masu lahiya ne, waɗannan marasa lahiya. Na danna, na tashi."

"Kamar injin niƙa."

"Ta hi injin niƙa. Kamar ta buɗe aji ne a lakol, ta cika shi da ɗalibai, kowane da irin kanshi. Ta koya musu da hotunan, ta ɓoye wasu ta yi musu jarrabawa da su. Wanda ya zo na ɗaya shi ta miƙo mini, shi ne a cikin wayar nan. Casa'in da bakwai ya ci cikin ɗari."

"Na tuna. Har kaza munka yanka."

"To ashe ɗalibin nan wayo ya yi. Ya lura duk hoton da ke da yatsa mai lalle, amsarshi ba lahiya. Sai ya bar wahalar duba ido."

"Ita jarrabawar ba ta kama shi ba?"

"Daga tuli ɗaya aka ɗebo ta. Can ma lallen yana nan."

Inna ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. Sai can ta ce, "Ba shi da laihi. An tambaye shi ya raba tuli biyu, ya raba. Ba wanda ya ce mishi akuya ake jinya."

Ni ma a nan ina bayan Inna. An ce mana abin da ya yi aiki da kansa ya huce mana gajiya, kuma gaskiya ne. Ba a dai faɗa mana cewa gajiyar nan wani lokaci ita ce take sa mutum ya duba abin da yake yi ba.

Safina ta shiga ɗaki ta ɗauko ordinatar ta buɗe a kan tabarma. Ta buɗe tulin marasa lafiya. Hoto bayan hoto, yatsun mata, wasu jan lalle, wasu ya fara koɗewa ya bar farce kawai. Ta buɗe na masu lafiya. Yatsun maza, busassu, wani da zoben azurfa, wani da tabon igiya.

Ta taɓa ganin hotunan nan sau ba adadi. Ido ta riƙa dubawa, don ido ta sa a ɗauko.

Ta ɗauki waya ta kira wanda ya ɗauko su.

*

Ridwanu ɗan wan Inna ne, taubashin Safina, shi ne kuma mai yawon ƙauyuka na ƙungiyar. Bai daɗe ba sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya shigo da sallama yana kaɗa makulli, ya durƙusa ya gai da Inna.

"Gwaggo, ina kwana? Ina gajiyar biki?"

"Gajiya ta bi lahiya. Ina surukinka Hamisu dillali? Har yanzu bai sa muku rana ba?"

"Ana nan ana lallaɓawa, Gwaggo."

"Lallaɓa da kyau. Mutumin da ke sayar da akuya tun kahin a haihe ka ba shi sakin ɗiya da arha."

Ridwanu ya yi dariya ya juya ga Safina.

"Baiwata, kin kira ubangidanki da sassahe. Lalle ya kama kuwa. Saura miji."

Ran da aka saba, da ta rama har da riba. Yau ta nuna masa tabarma kawai.

"Zauna, Ridwanu."

Ya zauna.

"Hotunan marasa lahiya, ina ka ɗauke su?"

"Kin sani mana. Ranar da malamin dabbobi ke zagaye. Mata na kawo awakinsu, shi ya duba ya ce wagga ba jini, ni in ɗauka."

"Wa ke riƙe akuyar?"

"Mai ita."

"Na masu lahiya hwa?"

Ya sosa ƙeya.

"Nan da can."

"Na ce ka bi gida gida. Gidajen da ka samo marasa lahiya, nan za ka samo masu lahiya."

"Safina, kin san nisan da ke tsakanin rugagen nan? Ga rairayi, ga mai ya yi tsada. A kara kuwa ga awaki ɗari a wuri guda, ƙosassu, malamin ya duba ya ce lahiya lau. Mi ya raba akuyar kara da ta gida? Ido dai ido ne."

"Wa ke riƙewa a kara?"

"Dillalai."

"Maza."

"Da mata kika taɓa gani suna dillanci?"

Ta juyo masa ordinatar. Tuli biyu gefe da gefe. Ba ta yi bayani ba, ta ɗora yatsanta mai lalle a kan gilashin, daidai ƙasan wani hoto.

Ridwanu ya duba. Ya dubi ɗaya tulin. Ya ce, "Hmm."

Shi ke nan abin da ya ce.

Inna ta ɗago ta dube shi ta gefen ido, ta mayar da kai kan wakenta.

"Laihina ya hi naka," in ji Safina. "Kai ka rage hanya, ni na danna na tashi. Na ga casa'in da bakwai na yi ta murna, ban tambayi ta ina ya samo ta ba. Ba zagi na kira ka in yi ba."

"To a gyara mana. Ba kin ce abin da kanshi yake yi ba?"

"Gyaran ba wuya. A sake hotuna, maza da mata su riƙe kowane iri, a yanke yatsa daga hoton, a sake zuba mata. Kahin wani sati ta ba ni sabon ɗalibi."

"To alhamdu lillahi. Sai mu yi shiru mu gyara."

"Shiru?"

"Baƙin Maradi na zuwa ganin aikin bayan suna. Ki bari su zo su tahi. In kika ce yau waya na ganin lalle, wa zai sake yarda da ita? Wa zai sake yarda da ke? Sati guda ne, baiwata."

"A satin nan kasuwa nawa za ta ci?"

Ya kau da kai. Ta ci gaba.

"Duk macen da ta riƙe akuyarta aka haska, an ce mata ba lahiya. Duk namijin da ya riƙe, ko akuyar na jan ƙafa, an ce lahiya lau. Wasu sun sayi maganin da ba su buƙata. Wasu sun sayar."

"Ba wanda ya sani, Safina."

"Ka tabbata?"

"Wa zai sani? Ke da kika haɗa ta ma sai yau."

Ya faɗa yana wasa da makullin babur, yana kallon Kyauta.

Safina ta ɗauki waya ta nemi Saudatu. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A karo na biyu aka ɗauka, iska na kaɗawa a ciki.

"Saudatu, jam waali? Safina ce."

"Jam tan, Malama."

"Ki saurare ni. Akuyarki lahiyarta lau. Wayar ce ta yi kuskure, ni na yi kuskure. Kada a sayar."

Iska ta kaɗa a cikin wayar.

"Saudatu?"

"Ado ya tahi da shi."

"Ina?"

"Luumo. Kasuwan Gangara. Na riƙe igiya, ya ce in saki. Na saki."

"Yana da waya?"

"Waya ɗaya ne, ga shi a hannuna."

"Wurin wa zai kai ta?"

"Mai haskawa. Ya ce a haska na ƙarshe, in ya yi kore ya dawo da shi gida."

Safina ta lumshe ido. A kara namiji zai riƙe. Ko Ado, ko dillali. Kore za ta nuna.

"To ki kwantar da hankalinki," ta ce. "In sha Allahu tare za su dawo. Amma zan je da kaina in gani."

"Useko, na gode, Malama. Mi zan ce ma Hassana in babu shi?"

"Ba za ki ce komi ba. Ina zuwa."

Ta kashe ta jawo mayafi.

"Tashi ka kai ni Gangara."

"Yanzu? Ke da kanki kin san a hannun namiji kore za ta ba da. Ado zai koma da akuyarshi. Mi za ki je yi cikin rana?"

"In ba shi haƙuri."

"Sai ki bari gobe."

"Gobe suna."

"To jibi."

Inna ta busa ƙaiƙayin da ke faifai.

"Ridwanu, kai ta. In mai ne babu, ga Bashir ya bar jarka a zaure."

Ya tashi. A hankali ya tashi, kamar mai ciwon baya.

*

Hanyar Gangara ranar kasuwa ba ta kaɗaici. Amalanken shanu ɗauke da buhuna, 'yan kabu-kabu da fasinja bibbiyu, mata a ƙafa da ƙoren nono. Gero ya yi kai a dama da hagu. Ridwanu, wanda aka san shi da gudu har Inna ke ce masa ɗan iska ya fi ka hankali, yau kowane rami sai ya tsaya ya gaishe shi.

"Babur ɗin ba lahiya?" in ji Safina daga baya.

"Rairayi ne."

"In haska shi?"

Bai yi dariya ba.

Suka isa rana ta ɗaga. Karar awaki tana gabas da kasuwa, ƙarƙashin manyan gawo, jajayen awaki a ɗaure layi layi sai ka ce an shanya barkono. Safina ta sauka tun kafin ya kashe babur.

Ba ta sha wahalar gane Ado ba. Dogo ne, da malfa da sanda a kafaɗa, yana tsaye a gefe shi kaɗai kamar wanda ya zo jana'iza. Akuyar na jikin ƙafarsa, cikinta ya sauko, tana tuƙa hankali kwance.

A gabansa wani dattijo ne mai babbar riga ruwan toka, waya rataye a wuyansa da igiyar fata. Alhaji Hamisu dillali, uban yarinyar da Ridwanu ke nema. Mutane uku huɗu sun kewaye su.

Safina ta rage sauri. Ta ce a ranta bari ta bari a haska, kore ta fito, Ado ya ji sanyi, sannan ta yi magana.

"Matso da ita, Baffa," in ji Hamisu. "A'a, bar shi, kai dai riƙe igiya. Ni ka riƙe ido, ku ba ku iya ba. Mu ba mu cutar kowa, na'ura ce alƙali. Abin da ta ce shi munka ce."

Ya duƙa. Ya zaro hannun hagu daga cikin riga, ya kama haɓar akuyar, ya ja fatar ido.

Ya ɗauka. Ya juya wa jama'a wayar.

Ja.

"Ka gani da idonka," in ji Hamisu cikin tausayi. "Jini ya ƙare. Wagga ba ta kai haihuwa. Ni ma don kai ne, in kai ma mahauta su rage mini asara."

Safina ta tsaya cak. Namiji ne ya riƙe. Ta matsa kusa, ta ratsa tsakanin mutum biyu, ta dubi hannun da ke kan fuskar akuyar.

Babban yatsa da manuni, jajir har farce. Sauran ukun fari fat.

Wani daga cikin masu kallo ya riga ta.

"Alhaji, amarci kake da lalle?"

"Maganin kaushi ne, ɗan nan. Tsufa."

"Kaushi a yatsa biyu?"

Aka yi dariya. Hamisu ma ya yi, ya mayar da hannun cikin riga, ya faɗi tayinsa ƙasa ƙasa. Tayin da ko bunsurun yaye ba a yi wa.

Ado ya dubi akuyar. Ya dubi hanyar ruga. Ya sauke sandar daga kafaɗa. Kowa a kara ya san kalma biyu ce ke raba ciniki. In mai kaya ya ce albarka, kaya na nan nasa. In ya ce na sallama, ko uwarsa ce ta zo ba ta warware shi.

Ya miƙa igiyar. Bakinsa ya buɗe.

"Na sal..."

"Albarka!"

Kara ta yi tsit. Har awakin kamar sun saurara.

Ado ya juyo, igiyar na tsakanin hannunsa da na Hamisu, kowa na riƙe da gefe.

"Malama?"

"Albarka, Baffa Ado. Kada ka ƙarasa. Akuyar nan lahiyarta lau."

"Ɗiyata," in ji Hamisu a hankali, "a kara mai kaya ka cewa albarka. Taki ce?"

"Akuyar ba tawa ba ce. Wayar da ke wuyanka tawa ce, ni na haɗa ta." Muryarta ba ta tashi ba. "Baba Alhaji, a sake haskawa. Wannan karon da hannun dama."

"Hannu hannu ne."

"To a ba Baffa Ado ya riƙe."

Masu kallo suka fara matsowa. Wanda ya yi tambayar amarci ya ce, "Ai kuwa ni ma tawa da hagun nan anka haska ta makon jiya." Wani ya ce, "Ni da na zo saye da dama ya riƙe."

Hamisu bai saki igiyar ba. Bai kuma fito da hannun ba. Ya dubi Safina sama da ƙasa, ya tsaya a kan yatsunta masu lalle, ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe a kasuwa.

"Ashe kin gano. To madalla, ilimi ya yi rana."

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

"Ni? Ni mi na sani da na'ura, ɗiyata? Ko sunana ban iya rubutawa." Ya ɗaga haɓa ya nuna bayanta. "Tambayi wanda ya kawo mini lallen."

Safina ta juya.

Ridwanu na tsaye a gindin gawo, makullin babur a hannunsa, ya daina kaɗa shi.